Sau Uku Inna Ta Tsallake

Litinin, 12 ga Oktoba 2015, 8:40 na safe

Zinatu ta cire ni daga rukunin matan Manchester na WhatsApp. Ita ke riƙe da rukunin, kuma sai da ta turo hadisin safiya tukuna sannan ta cire ni. Ina son mutum mai tsari.

Ba ni aka nufa ba. Inna Rabi'a aka nufa, ƙanwar Ummata, uwa ɗaya uba ɗaya. Amma wayar Inna ta kira ce da tocila kawai, ba ta cikin rukunin kowa, sai aka cire ni a madadinta.

Babi na huɗu na kundin digirina yana jirana. Shekara uku ke nan ina zaune a Moss Side ina karanta yadda mutanen Scotland suka riƙa gurfanar da matansu a kan maita, daga 1563 zuwa 1736. Kusan mutum dubu huɗu, mafi yawansu mata. Duk wanda ya tambaye ni amfanin wannan karatu ga Najeriya nakan ce babu. Yau na fara shakka.

Laraba, 14 ga Oktoba, 4:15 na yamma

Bari in jera shi yadda nake jera na matattu, ko zan gane.

Asama'u matar Dakta Musbahu ta haihu ƙarshen watan jiya, 'ya mace, haihuwar fari. Kamar kowace Bahaushiya tsakanin nan da Birmingham, ta aika aka ɗauko Inna. Shekara goma sha shida Inna na wannan hidima. A Erdington take, can Birmingham, tana bin gidajen tsofaffin Turawa tana yi musu wanka tana ba su magani, minti goma sha biyar kowane gida tun da ƙaramar hukuma ta tsuke bakin aljihu. Hutunta na shekara kuwa a banɗakin matan likitoci yake ƙarewa. Ta tafasa ruwa a butar lantarki sau tara, ta zuba busasshen ganyen darbejiya, ta gasa mai jego safe da yamma, ta dama kunun kanwa. Rabin yaran Islamiyyar Old Trafford, masu yi wa iyayensu Turanci ta hanci, ita ta fara yi musu wanka.

Kwana huɗu bayan suna Asama'u ta daina barci. Sai ta ƙi ɗaukar jaririyar. Sai ta fara magana da bango. A cikin maganar tana ta cewa Inna Rabi'a ki sake ni, Inna ki sake ni.

Duk matar da aka taɓa dannewa da ganye da tafasasshen ruwa ta faɗi wannan magana, da ƙarfi ma. Amma uwar Musbahu, Hajiya Batulu, ta zo daga Kano ganin jika, kuma ita ta san me ake nufi idan mara lafiya ya kama sunan mutum cikin sambatu. A gida cewa ake wanda aka kama wa kurwa shi ke faɗar sunan wanda ya kama ta. Washegari aka sa Inna a coach, doguwar bas ɗin Birmingham, da jakarta da ragowar ganyenta.

Har yanzu ba wanda ya faɗi kalmar a gabana. Da Turanci ina rubuta ta sau arba'in a wuni. Da Hausa, kusa da sunan Inna, hannuna ya ƙi.

Alhamis, 15 ga Oktoba, 1:00 na rana

Ruwa ake yi. Na rubuta kalma ɗari da tara, na goge casa'in.

Asabar, 17 ga Oktoba, 11:30 na safe

Na koma kan Jonet, ɗaya daga cikin matan Scotland da nake karantawa. Duk abin da na mallaka nata shafi biyu da rabi ne daga hannun magatakardan dattawan coci, 1662, rubutu tafiyar tsutsa. Mijinta ya mutu, tana karɓar haihuwa, bakinta ba ya shiru. Sun yi cacar baki da matar maƙwabcinta a kan kaji, sai matar ta kwanta ciwo. Dangin mara lafiya suka je har gida suka roƙe ta ta zo ta duba ta, ta yi mata fatan lafiya, ta ba ta ruwa da hannunta. Ta zo. Matar ta warke. Wannan shi ne abu na farko da aka karanta a gaban alƙalai: wadda ta iya cirewa, ita ta sa.

Da ta ƙi zuwa, da an rubuta ta ƙi zuwa. Na ga irin wannan ma a wasu takardun. Hanya ɗaya ce ke biyo baya. A hana ki barci kwana da kwanaki har ki amsa, a kira mai tsira allura ya lalubi jikinki ya nemo inda ba kya jin zafi, a shaƙe ki, a ƙone gawar. Komai da sa hannu da kwanan wata. Ba a taɓa yin zalunci mai tsabtar rubutu irin wannan ba.

A babi na huɗu na rubuta cewa matan nan ba su gane tarko ba ne suka shiga. Supervisor ɗina, malamin da ke duba aikin, ya ja wa jimlar layi, ya ce ta yi kyau.

Lahadi, 18 ga Oktoba, 3:20 na yamma

Zinatu ta kira. Ta gaishe ni har da tambayar karatu, kamar ba ita ce ta kore ni ba. Ta ce ita fa ba ta yarda da irin waɗannan abubuwa ba, tana da digiri biyu, amma Hajiya na son Inna ta zo ta tsallake Asama'u. Shi ke nan, minti biyar, kowa ya huta. In ba ta riƙe da komai me zai hana ta zuwa?

Na ce in ta tsallake Asama'u ta warke fa? Ta ce sai mu gode Allah. Na ce in ba ta warke ba? Ta ce to an san ba ta sake ta da zuciya ɗaya ba. Na ce mata an riga ta wannan lissafi da shekara ɗari uku da hamsin, kuma waɗanda suka riga ta ko digiri ɗaya wasunsu ba su da shi.

Sai ta ce, “Turai, ke fa kika fara faɗa. Da bakinki, a gaban kowa.”

Na ce layin ba kyau.

Talata, 20 ga Oktoba, 7:50 na safe

Ba ni na fara ba.

Talata, 5:30 na yamma

To.

Ranar suna muna falo, mata kusan ashirin, ana cin waina. Hajiya Batulu ta tambaye ni wai me nake karantawa ne da har yanzu ban gama ba, ban yi aure ba. Na ce mayun Scotland. Ta ce ashe Turawa ma suna da mayu? Na ce sun ƙone nasu, shi ya sa suka ci gaba. Aka yi dariya. Ni kuwa in aka yi mini dariya sau ɗaya sai na nemi ta biyu. Inna ta shigo da kwanon kunu, na nuna ta na ce ga irinsu nan, ba miji, tana karɓar haihuwa, tana yawo da ganye a jaka, baki kamar reza, da a can ne da ita za a fara. Falon ya ɗauka. Inna ta ce ja'ira, uwarki ce mayyar. Aka ƙara shewa.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Na ɗauka ba ta gane ba ne.

Alhamis, 22 ga Oktoba, 9:10 na safe

Umma ta kira daga Zariya. Maganar ta riga ta isa can, ba ta nemi biza ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi in tuna abin da mutane ke faɗa, wai abin nan a nono ake shan sa. Ita da Rabi'a nono ɗaya suka sha, ni kuma nata na sha. Ta ce tunda ni ce mai karatu sai in yi lissafin da kaina.

Na ce Umma ai ke kin san ƙarya ce. Ta ce ta sani, kuma saninta bai taɓa hana kowa janye ɗansa daga tabarmar mutum ba.

Juma'a, 23 ga Oktoba, 4:40 na yamma

Na tare Musbahu wajen ajiye motoci bayan masallaci. Ya rame, wannan kam ba zan musa ba. Ya gaya mini sunan ciwon da Turanci ba tare da na tambaya ba, ciwon da kan taɓa ƙwaƙwalwar wasu mata bayan haihuwa, kuma ana warkewa. Ya ce babu gadon asibitin da za a karɓe ta tare da jaririyar, suna jerin jira. Wanda aka samu tafiyar awa huɗu ne, kuma ita kaɗai. Ma'aikata biyu ke zuwa gida kullum, Hajiya ta ɗauka masu auna jariri ne. An fara magani ranar Litinin. Sati biyu zuwa uku za a ga sauƙi.

Na ce madalla, sai ya tara matan ya maimaita musu abin da ya gaya mini, kalma da kalma.

“Ki fahimce ni, Turai,” in ji shi. “In na ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, har ta mutu sunanta mahaukaciya. 'Yata kuma 'yar mahaukaciya.”

“Sai ka gwammace a ce Inna mayya ce.”

“Ni ban ce ba.”

“Haka ne, Dakta. Ba ka ce komai ba.”

Ya shiga mota. Akwai irinsa a takarduna, mutumin da ya fi kowa karatu a ƙauyen. Ba ya cikin masu zargi, ba ya cikin masu riƙe allura. Sunansa na can ƙasan shafi, cikin waɗanda aka yi a gabansu.

Ga shi na rubuta kalmar manne da sunan Inna. Rufin bai faɗo ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba, 6:00 na yamma, a coach

Na je Erdington. Flat ɗin Inna na saman wani shagon gyaran waya, in bas ta wuce sai kofuna su yi rawa. Na tarar tana gugar rigar aiki. Mata biyu da suka riga suka neme ta don wankan jego a Disamba sun kira sun ce dangi za su zo daga gida. A walimar makon jiya, matar da ke kusa da ita ta tuna ta bar abu a mota, ta ɗauki 'yarta, ba ta dawo ba. Inna ta faɗi wannan tana gyara wuyan riga.

Na ba ta labarin Jonet daga farko har ƙarshe, da shekara da komai, kamar ina gaban masu jarrabawa. Na gaya mata zancen maganin. Na ce Asama'u za ta warke ko an tsallake ko ba a tsallake ba, kuma in ta je, warkewar ce za ta zama shaida a kanta har abada.

Ta ce ita ke ba tsofaffi magani, ta san satin da yake ɗauka, ba sai na koya mata ba. Sannan ta tambaye ni ko na san tsawon sati uku ga wadda ba ta barci. Ashe Asama'u ta kira ta shekaranjiya daga banɗaki, tana raɗa tana kuka, tana roƙonta ta zo ta sake ta.

“Yarinyar ta yarda na riƙe ta,” in ji Inna. “Ko ban riƙe ba, a cikin kanta na riƙe. Sunana kuwa ya riga ya tafi tun ranar da aka sa ni a mota. Ita ce ta rage.”

Na ce wannan ba tausayi ba ne, miƙa wuya ne. Ta ce ita Jonet ɗin, wa ya gaya mini ba ta san abin da take yi ba? Na ce takardu. Ta ce wa ya rubuta takardun?

Na fara zancen ranar suna. Ta ce in tashi in duba mata shinkafa. Na dawo na sake farawa, ta ce gishiri ya ji? Ba za ta bar ni in faɗa ba. Na fi jin haushinta a kan Hajiya, kuma na san wannan ba ya cikin tsari.

Litinin, 26 ga Oktoba, 10:00 na safe

Na tura wa Musbahu dogon saƙo. Na cire zagi biyu, na bar uku. Ya karanta.

Alhamis, 29 ga Oktoba, 2:30 na rana

Kowane kanti cike da baƙaƙen huluna masu tsini da tsintsiyar roba, kayan shigar mayu, saboda bikin Turawa na ƙarshen wata. Shekara ɗari uku kawai ake buƙata abin ya koma kayan wasan yara. Sai mu yi haƙuri.

Hajiya ta tsayar da Asabar don tsallakewar.

Asabar, 31 ga Oktoba, 6:45 na yamma

Na ɗauko Inna a tashar coach ƙarfe ɗaya. Ta sa atamfarta ta zuwa biki da takalmin aiki, saboda gwiwa. Ta riƙo kunun kanwa a fulas. Na ce ba za su sha ba. Ta ce ta sani.

A layin su Musbahu wasu 'yan mata uku sun fito da hulunan nan, fuska kore, suna jiran yamma ta yi su bi gidaje. Inna ta ce musu sun yi kyau.

Falon da aka yi suna, kujerun nan dai. Mata bakwai. Zinatu ta zo, mai digiri biyu, ta zauna kusa da ƙofa. Ba wadda ta amsa sallama da ƙarfi. An shimfiɗa bargo a ƙasa an kwantar da Asama'u. Ban gane ta ba da farko. Idanunta kaɗai suka rage, kuma tun da muka shiga ba su bar fuskar Inna ba.

Hajiya ta ce maza su fita. Namiji ɗaya ne a gidan, kuma ya riga ya kai ƙofa. Sannan ta ce a gida ba da sutura ake yi ba.

Na buɗe baki. Inna ta miƙo mini fulas ɗin ta ce riƙe.

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Na karanta irinsa da yawa, na san yadda magatakarda ke jin daɗin wannan wurin. Sau uku ne. Shekararta hamsin da takwas. A na uku gwiwar ta ƙi, ta dafa hannun kujera, ba wadda ta tashi. Ni ma ban tashi ba, ina riƙe da fulas.

Aka kawo ruwa a kofi Inna ta kuskure baki ta mayar, aka ba Asama'u. Ta shanye. Inna ta durƙusa ta ce mata, “Na sake ki, 'yata. Yi barci.”

Bayan mun fita na ji an wurga kofin a bola. Ba su jira mun kai bakin titi ba.

A tasha ta ce in sha kunun kafin ya yi tsami.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, 11:15 na safe

An ce Asama'u ta yi barcin awa tara. Kwana goma sha uku da fara magani. Ba wanda ya ƙirga sai ni.

Laraba, 4 ga Nuwamba, 3:00 na yamma

Ta ɗauki jaririyar. Wata da ba a cire ba ta turo mini hoton rukunin: alhamdulillahi arba'in da ɗaya, da addu'ar neman tsari daga sharrin masu sharri. Ba a ambaci suna ba. Mutanen kirki ne.

Na kira Inna na gaya mata. Ta yi hamdala, ta tambaya ko tana cin abinci.

Juma'a, 6 ga Nuwamba, 12:20 na rana

Na cire jimlar da aka ja wa layi a babi na huɗu. Supervisor ya tambayi me zan sa a wurin. Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce akwai lokaci. A wurinsa kullum akwai lokaci, mutanensa duk sun mutu.

Talata, 17 ga Nuwamba, 5:10 na yamma

Hajiya ta koma Kano da tsaraba da labari. Musbahu ya yi sadakar shinkafa a masallaci. Zinatu na da ciki wata bakwai, an ce daga Leeds za ta ɗauko mai wanka.

Inna ta nemi a ƙara mata gidaje ranar Asabar da Lahadi, tunda yanzu ba inda take zuwa. Ta ce tsofaffinta ba su da matsala, rabinsu ba sa tuna sunanta balle su faɗe shi.

Alhamis, 26 ga Nuwamba, 4:30 na yamma

Na ga Asama'u a wurin jiran bas, ta fito daga wurin likita da keken jaririya. Ta yi ƙiba kaɗan, ta sa kwalli. Ta gan ni ta yi murmushi, murmushi na gaske, ta gaishe ni da kyau. Tana gaishe ni hannunta na jan mayafin keken, a hankali, har ya rufe fuskar yarinyar. Ban tabbata ta san ta yi ba.

Na ce jiki ya yi kyau. Ta ce alhamdulillahi. Na so in tambaye ta ko har yanzu tana shan maganin, in gani ko za ta gane abin da ya warkar da ita. Ban tambaya ba. Bas ɗinta ta iso. Ta ɗora ƙafafun keken na gaba, sai ta juyo ta rage murya.

“Anti Turai, don Allah ki gaida Inna. Ki ce ban riƙe ta a zuciya ba. Ki ce na gode da ta sake ni.”

Ƙofa ta rufe.

Alhamis, 6:05 na yamma

Inna ta kira tsakanin gida na tara da na goma, tana haki, ina jin ƙarar motoci. Na ce na ga Asama'u, ta warware, yarinyar ma lafiya. Ta tambaya ko ta yi kumari. Na ce ta yi, ko da yake ban ga fuskar ba. Ta tambaya ko Asama'u ta ce wani abu.

Na ce ta ce a gaishe ki.

Ta ce tana amsawa, sannan ta ce bari ta shiga, tsohon nan ba ya son a makara.